Damina biyu ganye kawai, ko fure ɗaya babu: in sare ta ko in bar ta?

Maman Khalifa (Badariya, Birnin Kebbi):
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da sanyi. Na daɗe ina karanta abin da kuke tattaunawa ban taɓa sa baki ba, yau dai damuwa ta kawo ni. Akwai wata fulawa mai yaɗo a gidanmu na Gwandu tun muna yara. Mahaifiyata ce ta dasa ta a ƙofar ɗakinta, ta hau rumfa ta rufe ta ruf. Da magariba furenta yake buɗewa fari tas, washegari ya koma ruwan hoda, kwana na uku ya rine ja, sai ka ga launi uku a gungu ɗaya. Ƙamshinta kuwa bayan isha'i har zaure ake jin sa. Da Allah ya yi mata rasuwa, kafin a raba gida na je na haƙo ɗan tsiro ɗaya daga gindinta na kawo nan na dasa.

Yanzu damina biyu ke nan. Ta kama, ta yi tsawo har ta wuce katanga, ganye kore shar, amma ko fure ɗaya ban gani ba. Ina ba ta ruwa safe da yamma, duk wata kuma ina barbaɗa mata farin takin zamanin nan da maigida yake kai wa gonar shinkafa. Ga shi kuma Inna, mahaifiyar maigidana, ta ce a sare ta, wai masu ƙamshin dare macizai suke kira, ga jikoki suna rarrafe a tsakar gida. Ba na son in saɓa mata, ba na kuma son in rasa abin da ya rage mini na mahaifiyata. Don Allah wanda ya san wannan shuka ya taimaka mini. Ga hoton ganyen nan na sa.

Baba Mai Lambu (Argungu):
Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah shi jiƙan mahaifiyarki, shi sa ta huta. Kahin mu ce komi, ba ni amsa ukku: wane gehen gida kinka dasa ta, awa nawa rana ka dukanta, kuma akwai icce kusa da ita? Wanga hwarin taki da kic ce, in yuriya na, ki dakata da shi tun yau.

Maman Khalifa:
Amin Baba, na gode. Yuriya ce. Tana jikin katangar da ta raba mu da maƙwabta, katangar tana kudu da ita. Akwai babban dogon yaro kamar taku biyar daga gindinta. Rana ba ta cika samun ta ba sai wajen la'asar, ita ma ɗan lokaci. Ni da na zaɓi wurin, tausayinta na ji saboda zafin Birnin Kebbi.

Malamin Gona (Jega):
Allah ya jiƙan Mama. Na duba hoton, kuma bayanin furen da kika yi ya isa shaida. Sunanta a ilimin tsirrai Combretum indicum. Masu sayar da fulawa suna jingina ta ga birnin Rangun, wato Yangon ta ƙasar Miyanma, don asalinta daga yankin kudanci da kudu maso gabashin Asiya ne. Tsohon sunanta Quisqualis indica, wanda masanin tsirrai ɗan Suwidin, Liniyas, ya rubuta a 1762. Ma'anar quisqualis a Latin kamar a ce "wace ce, wace iri ce?", saboda tana tasowa a tsaye kamar ƙaramar bishiya, can kuma sai ta miƙe ta zama mai yaɗo.

Abin da zai ba ku sha'awa, duk da baƙuwa ce, danginta sun cika dajinmu. Sabara, geza, taramniya, marke da baushe duk gida ɗaya suka fito da ita. Shi ya sa nake cewa tausayin da kika ji mata bai zama dole ba. Jinin masu jure rana ce.

Matsalarki biyu a bayyane suke. Ta farko inuwa. Tana buƙatar rana kai tsaye kamar awa 6 a yini kafin ta yi fure sosai. Mu nan muna arewa da tsakiyar duniya, a watannin hunturu rana tana karkata kudu, duk abin da ke arewacin katanga yini yake a inuwa. Ga dogon yaro kuma ya ƙara. Ta biyu yuriya. Kashi 46 cikin 100 na yuriya naitirojin ne, aikinsa ganye da tsawo. Kin yi wata da watanni kina ce mata ta yi ganye, ita kuma ta yi.

Abu Ammar (Talata Mafara):
Ku yi haƙuri in faɗi abin da ke raina. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, amma ni ban ga dalilin da za a riƙa zuba ruwa safe da yamma ga abin da ba a ci ba. Kuɗin jarkar 'yan ga-ruwa kullum hawa yake. Wannan wuri da wannan ruwa, da zogale aka ba ko gwanda ko lemun tsami, da yanzu yara suna amfana. Kuma babbar magana, uwar miji ta ce a sare. Ni a ganina magana ta ƙare.

Hajiya Babba (Tudun Wada, Gusau):
Abu Ammar, ba duk abin da ɗan Adam yake buƙata ne ake zubawa a tukunya ba. Ina da zogale bakwai a gidana, ina da yasmin a gefensu, babu wanda ya hana wani. Yarinyar nan ba ado ta zo nema ba. Wanda bai rasa uwa ba ba zai gane abin da ake ji ba idan ƙamshin ɗakinta ya sake bugun hancinka. Ni har yau akwai turaren wutar da in na ji shi sai na nemi wuri na zauna.

Abu Ammar:
Hajiya, ni ma maraya ne, ban raina wannan ba. Maganar ruwa nake yi, kuma gaskiya ce.

Baba Mai Lambu:
Maganar ruwa gaskiya ta, amma laihin ba na shukar ba na. Ban ruwan ne yay yi yawa. Wadda ta shekara biyu a ƙasa saiwarta ta nutsa, ba ta son a riƙa yayyafa mata sahe da marece. Da hunturu ki ba ta bokiti guda sau biyu a sati, ki zuba a hankali shi shige ƙasa. Da bazara, Maris zuwa Mayu, ki mai da shi kwana biyu biyu. Da damina ta kankama ki ƙyale ta da na sama.

In kina son ki rage ma hakan, ga dabarar da munka gada. Ki samu tulu na ƙasa wanda ba a shafe ba, ki gina rami kusa da gindin ki binne shi har wuya, ki cika shi da ruwa ki ruhe bakin da kasko. Ruwan zai riƙa tsattsahewa ta jikin tulun kai tsaye ga saiwa, rana ba ta shan shi. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk suna yi. Ruwan wanki mai garin sabulu ko mai bilic kada ki kai mata, gishirin da ke ciki shina taruwa a ƙasa shi ƙone bakin ganye.

Ɗan Zuru:
Bari in shigo ta maganar maciji, don mu nan ƙasar duwatsu mun san su. Maciji ba ya cin fure, ba ya shan ruwan fure, ƙamshi bai dame shi ba. Duk macizai nama suke ci: ɓera, kwaɗo, ƙadangare, ƙwai, 'yan tsaki. Harshen nan da yake fitarwa, da shi yake ɗaukar warin abin farauta. Don haka cewa ƙamshi yana kiran sa ba haka ba ne.

Amma kada kowa ya ce Inna ba ta da hujja. Abin da tsofaffi suka gani gaskiya ne, dalilin ne kawai ya sha bamban. Shuka mai duhu wadda rassanta suka kwanta a ƙasa, ƙarƙashinta da danshi kullum, busasshen ganye ya taru, nan kwaɗi suke zama, nan ɓera yake rami. Inda abincinsa yake da sanyin da zai laɓe, nan zai zo. Kububuwa musamman a ƙasa take, ƙarƙashin duwatsu da tarkace, kuma launinta ya saje da ƙasa. Ƙanena ta taɓa sara a gindin tarin itacen girki, babu fure ko ɗaya a gidan. Allah ya sa an kai shi asibiti da wuri aka yi masa allurar dafi.

Abin da za ki yi: ki aske duk rassan ƙasa har zuwa tsayin ƙugu, ya zama daga nesa ana hango gindin fes. Ki share ganyen da ya zuba kullum. Ki kawar da tarin bulo ko itace ko tsofaffin kwanoni da ke kusa. In akwai akurkin kaji a wajen, a matsar da shi. Ki toshe ramukan ɓera da magudanar ruwa da raga.

Maman Khalifa:
Wallahi kamar kana gidan. Akwai ragowar bulo da aka jibge a gefenta tun ginin kicin, kuma akurkin kajin Inna yana nan kusa.

Anti Nas (Ƙaura Namoda):
Ina ganin Inna tana haɗa ta da wadda ake kira sarauniyar dare ne, don ita aka fi yi wa wannan zance. Waccan daban ce, furenta ƙanana ne masu ɗan kore-kore, dangin gauta da zaƙami ce, tana da guba in aka ci, kuma ƙamshinta yana da nauyi har yakan tayar wa masu asma. Ita kam ba na ba mai ƙananan yara shawarar ya dasa a bakin taga.

Matashi Mai Bincike (Bunza):
Na karanta cewa a ƙasar Sin ana amfani da 'ya'yan wannan ta Maman Khalifa wajen kashe tsutsar ciki. Ke nan ga amsar Abu Ammar, magani ce ma.

Anti Nas:
Ƙanena, gaskiya ne suna amfani da ita a maganin gargajiyarsu, amma don Allah kada wani ya karanta wannan ya je ya ba yaro. Ƙwayar tana da sinadari mai ƙarfi, in ta yi yawa tana kawo shaƙuwa mai naci da amai da jiri. Su masu ba da ita sun san awonta, mu ba mu sani ba. Maganin tsutsa irin su albendazol yana nan a kowane ƙaramin asibiti da arha, da awonsa daidai shekarun yaro. Maman Khalifa, in ta fara 'ya'ya, za ki gan su masu kusurwa biyar, suna bushewa su yi baƙi-baƙi. Ki riƙa tsince su kafin yara su kai baki.

Magini (Kalgo):
Ni ta ɓangaren gini zan yi magana, don an sha kira na gyaran abin da irin wannan ta ɓata. Ba ta manne wa bango da saiwa kamar wasu, nannaɗewa take yi, kuma in ganye ya faɗi, gindin sandarsa yana zama ƙaya mai lanƙwasa da take rataya da ita. Matsalar nauyi ne. In ta girma takan wuce mita 8, kuma da damina in ta sha ruwa nauyinta sai wanda ya ɗaga. Na ga ta karya rumfar kara, na ga ta shiga ƙarƙashin kwano ta ɗaga shi, na ga ta kama wayar lantarki. In katangar ƙasa ce kada a bar ta ta kwanta a kai, tana riƙe danshi. A yi mata rumfarta daban, da bututun ƙarfe ko da azara, don gara ba ta cika damun azara ba. A bar tazarar kamar mita 1 tsakaninta da bango, kuma a nisanta ta da salga da sokawe.

Maman Khalifa:
Katangar siminti ce. Maganar hawa katanga ma, Baban Khalifa duk ƙarshen wata yana sa almakashi ya datse kawunan da suka leƙa gidan maƙwabta, don kada a ce mun dame su.

Malamin Gona:
To ga ta uku, kuma wataƙila ita ce babba! Wannan shuka a ƙarshen sabon reshe take fitar da gungun fure. Kawunan da suka wuce katanga su ne kaɗai suke samun cikakkiyar rana, su ne za su yi fure, su ne kuma ake datsewa duk wata. Wato tana kai wa bakin yin fure ana mai da ita baya. Maigida bai yi laifi ba, haƙƙin maƙwabci ya kiyaye, amma mafita ita ce a juyo da rassan cikin gida, a kwantar da su a kan rumfa ta inda rana take, ba a riƙa yanke su ba. Reshen da aka kwantar a miƙe yakan fitar da ƙananan rassa da yawa a jikinsa, kowanne kuma da kansa na fure.

Shawarata: a tone ta gaba ɗaya a mai da ita gabas ko tsakiyar gida inda rana take yini. Tana da taurin rai, za ta tashi.

Baba Mai Lambu:
Malam, nan kam ban bi ka ba. Yanzu Janairu muke, iska busasshe, gaba kuma zahi na tahe. Ka tone shukar da ta shekara biyu yanzu, ka yanke mata rabin saiwa, sannan ka aje ta ga rana, ka sa ta cikin haɗari. In da iri goma gare ta sai in ce a gwada. Guda ɗaya ta, kuma gidan da anka ɗauko ta an raba. In ta mutu ina za a samo wata?

Malamin Gona:
Baba, na sha tone irinta kuma ta tashi. Ko guntun saiwa aka bari a ƙasa sai ya tsiro, wannan ma shi ne abin da masu ita suke kuka da shi.

Baba Mai Lambu:
Da damina ka tone ko da rani?

Malamin Gona:
Da damina ne, gaskiya.

Baba Mai Lambu:
To ka gani. Ɗiyata, ga abin da nika ganin ya fi. Uwar ki bar ta inda take. A sassabe rassan dogon yaro na gehenta, shi ba ya jin sara, zai sake toho. A kafa rumfa daga gindinta zuwa tsakar gida, a ja rassan a ɗaure da tsumma, ba da waya ba, waya na yanka. Tsakiyar Fabrairu, sanyi na sakin jiki, ki rage tsohin rassa da busassu da waɗanda sunka cunkushe, kamar kashi ɗaya cikin ukku, sau ɗaya tak, daga nan a ɓoye almakashi. Ki tona ƙasa kaɗan kewaye da gindin, ki zuba ruɓaɓɓen kashin awaki ko na shanu kwano biyu, wanda ya kwana biyu har ya koma kamar ƙasa. Ɗanyen kashin kaji kada ki kusanta, ƙonewa shika yi.

Sa'an nan in damina ta zauna, wajen Yuli, ki zaɓi reshe mai laushi na kusa da ƙasa, ki kankare ɓawon kaɗan ta ƙasansa, ki lanƙwasa ki binne wurin, ki ɗora dutse, kan reshen na waje. Kada ki raba shi da uwar. Bayan sati shida zuwa takwas ki tona ki duba, za ki iske saiwa. Sannan ki yanke, ki dasa ɗiyar inda rana take. Kin samu biyu ke nan, ko wani abu ya samu ɗaya kina da ɗaya. Yanke reshe a soka a ƙasa kamar rogo, wannan shuka ba ta cika kamawa ta haka ba, na gwada goma ɗaya ko biyu ka tashi.

Malamin Gona:
Na yarda, hanyar Baba ta fi aminci. Abin da zan ƙara, in ba a samu takin gargajiya ba, cikin cokali 2 na takin zamani NPK 15-15-15 ya isa, a zuba nesa da gindi kamar taku ɗaya, a bi da ruwa. Kuma tunda Kebbi ce, buntun shinkafa ba ya wuya. A shimfiɗa shi a gindin kaurin yatsu uku, yana riƙe danshi lokacin zafi.

Ɗan Zuru:
Malam, buntun nan fa? Mun ce a bar gindi fes.

Malamin Gona:
Shimfiɗa ce siririya a ƙasa, ba tari ba, babu inda wani abu zai laɓe. Sai dai ya zama tsohon buntu wanda babu ragowar tsaba, kada ya jawo ɓera da kaji. Kuma kada ya taɓa jikin itacen, a bar tazarar tafin hannu saboda gara.

Uwar Biyu (Kamba):
Ni sauro ne tsorona. Maigidana ya hana ni shuka komai a gida saboda shi.

Anti Nas:
Sauro a kwantaccen ruwa yake ƙwai, ba a ganye ba. Gaskiya ne yakan laɓe a duhun ganye da rana, shi ya sa rage cunkoso yake da amfani. Amma abin dubawa na farko shi ne tsohuwar taya, gwangwani, kwata da buɗaɗɗen duro. Tulun da Baba ya ce a binne ma, dole a rufe bakinsa sosai. Gidan sauro kuma ba a fasa shi, da shuka ko babu.

Amaryar Bana (Yauri):
Don Allah ni gidan haya nake, tsakar gidan duk siminti. Zan iya sa irin wannan a bokiti?

Hajiya Babba:
'Yata, za ta rayu a rabin duro amma za ta wahalar da ke, girmanta ya fi ƙarfin gidan haya, ranar tashi kuma kuka za ki yi. Ki nemi yasmin, irin wanda Larabawa suke kira ful. Wanda ya je aikin Hajji ko Umara wataƙila ya ga ana sayar da shi an shirya a zare kamar sarƙa, mutanen Jizan da Yaman suna yi wa amare ado da shi. Fari ne ƙarami, da dare yake buɗewa, guda biyar a faranti sun ishi ɗaki. Dangin zaitun ne. Nawa shekararsa tara a tsohon baho.

Ki huda gindin mazubin sosai, ki haɗa ƙasar lambu da yashi da ruɓaɓɓen taki. Ki ajiye shi inda zai sha ranar safe har zuwa wajen azahar, da bazara kuma ki kare shi daga ranar yamma, don siminti yana mayar da zafi. Kada ki ɗora bahon kai tsaye a kan siminti, ki sa bulo biyu a ƙasa. Shi kam ba kamar ta Maman Khalifa ba, yana son ruwa a kai a kai, amma in ya kwanta masa saiwa ruɓewa take. Duk lokacin da ya gama zubin fure ki ɗan datse kawunan, sabon toho shi ke kawo wani. In kin ga sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa kuma kore, yawanci ruwan burtsatse ne mai kanwa-kanwa. Ki tara ruwan sama ki riƙa ba shi, kuma kada ki zuba masa toka.

Ustaz (Gwandu):
Allah ya jiƙan baiwar Allah, ya sa abin da ta dasa ya zama cikin mizaninta. Ga ɗan'uwa Abu Ammar, son ƙamshi ba wasa ba ne a addininmu. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda aka miƙa wa raihan, wato tsiro mai ƙamshi, kada ya mayar, domin ba shi da nauyin ɗauka kuma ƙamshinsa mai daɗi ne. Amma gargaɗinka kan ɓarnar ruwa yana kan hanya, kuma ga shi an nuna yadda za a rage.

Ke kuma 'yar'uwa, abin da na fi so ki riƙe shi ne kada ki je wa Inna da cewa an ce a waya ba ta da gaskiya. Tsoronta don 'ya'yanki ne. Ki fara yin aikin da Ɗan Zuru ya lissafa, ta gani da idonta. Sannan ki bar ɗanta ya yi mata magana, ya gaya mata daga ina shukar ta fito. Ina kyautata zaton ba ta sani ba.

Maman Khalifa:
Allah ya gafarta Malam, ba ta sani ba. Ban taɓa faɗa mata ba, nauyin maganar nake ji.

Hajiya Babba:
Ki faɗa mata da bakinki ma, 'yata, bayan ɗanta ya share hanya. Ita ma ta binne uwa.

Abu Ammar:
In ta ji duk wannan ta ce a sare fa?

Baba Mai Lambu:
Sai a roƙe ta ta yi haƙuri zuwa Agusta, a ɗauki ɗiyar a kai gidan wani ɗan'uwa, sannan a yi abin da tac ce.

Abu Ammar:
Wannan na yarda da shi.

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan wata uku, ku gafarce ni da shiru. Mun kwashe bulon, mun tarar da ramin ɓera biyu a ƙarƙashi da kunama ɗaya, Inna tana tsaye. An sassabe dogon yaro, an kafa rumfa da bututu huɗu. Na yi askin a Fabrairu yadda Baba ya ce, na binne tulu, na daina yuriya. Baban Khalifa ya yi wa Inna magana, ni ma daga baya na yi. Ta yi shiru, ta yi wa mahaifiyata addu'a, ta ce ashe shi ya sa. Ba ta janye maganarta gaba ɗaya ba, ta ce a bar ta zuwa damina ta gani, in aka ga ko saɓar maciji a gindin to ranar za a sare. Na ce na yarda. Akurkin kajin kuwa ita da kanta ta sa aka mayar bayan kicin.

Shekaranjiya da magariba gungu biyu suka buɗe a kan rumfa. Fari, kamar yadda na sani. Yau sun yi ja, wasu sababbi farare sun fito a gefensu. Na kira yayata da ke Sakkwato na kasa magana. Ga hoton.

Sai dai na ga wani abu fari kamar auduga a maƙale a wasu kawunan, tururuwa suna ta hawa da sauka. Me zan yi?

Malamin Gona:
Ma sha Allah, barka! Ki lura da dare, za ki ga wani babban malam-buɗe-littafin dare mai dogon baki yana shawagi a kan fararen. Shi ne mai ɗaukar musu ƙurar fure, don bututun furen dogo ne, sai mai dogon baki yake kaiwa ƙasansa. Farin launi da ƙamshin duk don a gan su a duhu ne. Kada yara su kashe shi.

Farin abin kuwa ƙwari ne masu tsotsar ruwan shuka. Suna fitar da wani abu mai zaƙi, shi tururuwa suke bi, har suna kare su.

Baba Mai Lambu:
Alhamdu lillahi, ɗiyata, kin faranta min rai. Ƙwarin tun suna kaɗan ki murje su da jiƙaƙƙen tsumma. In sun yi yawa, ga dogon yaro nan gidanki: ki daka busassun ɗiyansa cikin tahin hannu guda, ki jiƙa cikin lita 1 na ruwa shi kwana, ki tace, ki sa ɗan sabulun sanda kaɗan don shi kama ganye, ki fesa da marece bayan rana ta yi sanyi, har ƙarƙashin ganye. Ki maimaita bayan sati. Kada ki fesa kan furen da ya buɗe. Yanzu da zahin Afrilu ki riƙa leƙa tulun kullum, kada shi bushe tana cikin fure.

Amaryar Bana:
Barka Yaya! Ni ma na samu yasmin ɗin, ya yi toho huɗu. Amma in kin binne reshe da damina don Allah ki binne biyu, mahaifina yana da fili a gidansa na Yelwa.

Maman Khalifa:
In sha Allah zan binne uku, ɗaya na yayata, ɗaya naki, ɗaya na gabashin gidanmu. Baba, reshen da za a binne, wanda ya riga ya yi fure ake zaɓa ko wanda bai yi ba?

Baba Mai Lambu:
Wanda bai yi ba, mai kaurin fensir, wanda ya fara barin kore shina komawa ruwan ƙasa. Tun yanzu ki zaɓi ukku na ƙasa-ƙasa ki ɗaure su sama da tsumma kada su kwanta, don sharaɗin Inna. In Yuli ya yi sai ki kwance su.